Ranar da Ilu Ya Ci Sallau a Dara

Aikina rubuta manhajar kwamfuta ne, a wani ƙaramin kamfani a cikin birnin Kano, kuma ina da wata ɗabi'a da matata ta gaji da yi mini tsiya a kanta. In na samu sarari, sai in ɗauki waya in zauna kallon gwanayen ces, darar nan ta Turawa, suna fafatawa. Ban iya wasan can-can ba. Amma in na ga mutum ya miƙa babban ɗansa a ci da gangan, kowa yana ganin ya yi wauta, sai bayan taku bakwai a gane tun can ya riga ya gama da abokin wasansa, tsigar jikina tashi take yi. Haka nake ji in na karanta aikin wani gwanin manhaja da ya warware a layi goma abin da ni sai na yi ɗari ina kame-kame, ko in na ci karo da masanin falsafa da ya yi tambaya ɗaya ta hana ni sakat mako guda. Na daɗe ina zaton a jami'a na koyo wannan sha'awar. Da na zauna na bi diddiginta, sai na same ta a tsakar gidanmu na ƙauye, kusa da Tsanyawa, a bakin murhun kakata Iya Hansai.

Ƙauyenmu irin wanda gona ke manne da gona ne. In ka fita bayan gida gonar wane ce, ka ƙetare layin gamba ka faɗa ta wane, har ka kai gari na gaba ba ka taka ƙasar da ba ta da mai ita ba. Da kaka, in an kawo gyaɗa gida, aikin ɓara namu ne, mu yara da tsofaffi. Bayan an ci tuwo an yi sallar isha'i, Iya takan jawo tabarmarta kusa da murhu, ta tura kara biyu ko uku cikin garwashin da ya rage, a zubo mana gyaɗa a faifai. Mu shida ne ko bakwai, ni da ƙannena da 'ya'yan baffana. Doka ɗaya ce: hannun da ya daina ɓara, kunnen mai shi ba zai ji ƙarshen labari ba.

Tana da tata hanyar buɗe tatsuniya. Sai ta yi gyaran murya ta ce, “Ga baƙuwa a bakin ƙofa.” Mu kuma mu haɗa baki mu ce, “Ta shigo, mun share mata wuri.”

Iya ba ta yi boko ba, karatun allonta ma bai yi nisa ba. Amma ban taɓa ganin mutumin da basira take burgewa kamar ta ba. Mai dukiya bai dame ta ba, mai ƙarfi kuwa dariya yake ba ta. Babban yabon da ake samu a bakinta shi ne ta ce, “Wannan yana da kai.” Akwai wani tsoho da yakan leƙa rumbu sau ɗaya ya faɗi watan da hatsin ciki zai ƙare, bai cika kuskure ba. In ya wuce, Iya takan bi shi da kallo har ya sha kwana, kamar wadda ta ga wani abin al'ajabi.

Wata rana na raka ta gidan suna, sai na ji wata tsohuwa ta tare ta da cewa, “A'a, 'yar Hannun Riga, kina nan da ranki?” Suka yi ta dariya. Da yamma, muna zaune da faifan gyaɗa, kafin ta yi gyaran murya na riga ta.

“Iya, wane ne Hannun Riga?”

Ta kalle ni ta gefen ido. Maigida take kirana, irin wasan kaka da jika. “Maigida, kunnenka ya fi bakinka girma. To, yau baƙuwar ba tatsuniya ba ce. Wannan ya faru, kuma babana ne ya yi shi. Ku ci gaba da ɓara.”

Sunan babanta Ilu. Manomi ne kamar kowa, sai dai da rani, in aiki ya yi sauƙi, bayan la'asar ba ka rasa shi a gindin wata tsamiya da ke bakin hanyar kasuwa, inda maza ke yin dara. Ga wanda bai san ta ba: gurbi talatin ake haƙawa a ƙasa, layi biyar, kowane layi gurbi shida. Mutum ɗaya ya riƙe tsinke sha biyu, ɗayan tsakuwa sha biyu. A dasa su ɗaya bayan ɗaya, sannan a fara matsawa gurbi-gurbi. Duk wanda ya jera uku, ya cire ɗan abokin wasansa guda. Haka har a cinye mutum.

A gindin tsamiyar nan akwai wani mutum, Sallau, ya girmi Ilu da kamar shekara goma. Ba a taɓa cin sa ba. Ba a garinmu kaɗai ba, har daga wajen Makoda akan zo ranar kasuwa a gwada shi, a koma ana kaɗa kai. Kuma kan nasa bai tsaya a dara ba. Duk iyakar gonar da ke ƙauyen tana cikin kansa: wa ya gaji wannan daga wa, wa ya dasa wancan layin lallen, ɗorawar nan ta gidan su wane ce ko da yake tana tsaye a gonar wani. In rikicin iyaka ya tashi, mai unguwa ba ya yanke hukunci sai ya aika an kira Sallau.

A hankali mutanen gari suka daina zama gabansa, don babu daɗi a yi ta cin ka. Ilu kaɗai ya rage. Shekara ashirin da ɗoriya yana wasa da Sallau, ko sau ɗaya bai ci ba, alhali shi yake cinye duk sauran.

“Sauran mutane,” in ji Iya, “in Sallau ya ci, sai su ce ya ci, shi ke nan. Babana kaɗai yake gane yadda aka yi ya ci. Sai ya dawo gida ya zauna a ƙofar ɗaki yana zane a ƙasa da yatsa, tuwo yana hucewa, yana cewa, ‘Ashe tun tsinke na huɗu ya ɗaure ni.’ Innata ta ce, ‘To, ɗaurarre, ka ci tuwonka.’”

Sai yanar ido ta fara rufe wa Sallau gani. Shekara biyu, ya daina gani gaba ɗaya. Kowa ya ce dara ta ƙare masa. Shi kuwa ya sa aka jawo shi gindin tsamiya, ya zauna a wurinsa, ya ce wa Ilu, “Kai za ka zama hannuna. In faɗa maka inda za ka kafa mini tsinke, kai kuma in ka matsa tsakuwarka ka faɗa mini.” Suka ƙirga layuka daga arewa, gurabe daga gabas. Sallau ya ce, “Layi na biyu, gurbi na uku,” Ilu ya kafa. Gurbi talatin da 'ya'ya ashirin da huɗu, duk yana riƙe da su a ka, yana fuskantar sama, yana taunar goro. Ya ci gaba da cin Ilu kamar da. Iya ta ce a lokacin mutane sun fi taruwa, har da waɗanda ba su san dara ba.

Ranar da abin ya faru, ƙarshen rani ne, ana ta sharar gona. Wasa ya yi nisa. Wani baƙo ya zo wucewa ya yi sallama, kowa ya ɗaga kai, Ilu ya miƙa hannu ta saman gurabe don su gaisa. Babbar riga ce a jikinsa. Hannun rigar ya share tsinken Sallau guda, ya faɗi, kansa ya kwanta a gurbin da ke kusa. Babu wanda ya gani sai shi. Ya ɗauki tsinken, ya san gurbin da ya fito, amma ya kafa shi a inda ya faɗa.

A nan Iya ta tsaya ta gyara itace, ta bar mu muna jira.

“Ya ce da Innata bai yi shawara da zuciyarsa ba. Hannunsa ne ya yi, shi kuma yana kallo bai hana shi ba. Shekara ashirin fa, maigida. Mutum ne.”

Aka ci gaba. Taku biyu, sai Sallau ya ce, “Tsinkena na layi na uku, gurbi na huɗu, matsa shi arewa.”

Ilu ya ce, “Yaya Sallau, babu tsinke a nan.”

“Babu?”

Mutane suka leƙa. Wani ya ce, “Wallahi babu, Baba. Yana na biyar.”

Sallau ya daina taunar goro. Mutane suka fara kallon juna. Sannan ya ce, “To. Na biyar.” Ya ci gaba da wasa, amma duk ginin da ya yi a kan wannan tsinken yake. Kafin a kira magariba Ilu ya cinye shi.

Wurin ya kaure. Samari suka ɗaga Ilu sama. Labari ya kai kasuwa, ya kai ƙauyukan kewaye. A masallaci ana miƙa masa hannu ana cewa, “Sabon sarki!” Shi kuwa Sallau, da aka jawo shi gida, bai sake fitowa ba. Washegari wurinsa babu kowa, jibi ma haka. Matarsa ta gaya wa Innar Iya a bakin rijiya cewa abinci ma sai da lallashi. Yana zaune a ɗaki yana ƙirga sunayen kakanninsa, yana ƙirga gonaki, in ya gama ya sake daga farko. Ya ce mata, “Allah ya karɓi ido, na yi haƙuri, don ya bar mini kai. Yanzu kan ma ya fara tafiya. Na ga tsinken nan a gurbi na huɗu kamar yadda nake jin hannuna. In wannan ƙarya ne, ban san me ya rage na gaskiya ba.”

Ilu ya ji wannan magana. Ya ce a ransa tsufa ne, ko ba yau ba dole wata rana Sallau ya yi kuskure. Ya je gindin tsamiya ya cinye duk wanda ya zauna gabansa, ya dawo gida bai yi zane a ƙasa ba, don babu abin zanawa.

Ana cikin haka sai rikici ya tashi. Wata mata, Mairo, mijinta ya rasu ya bar mata 'ya'ya ƙanana da 'yar gona. Maƙwabcin gonar ya tuge gambar iyaka lokacin shara, ya shigo kunya biyu, ya haɗa da wata ɗorawa ya ce tasa ce. Ga hadari ya fara haɗuwa, kuma kowa ya san in aka yi shuka magana ta mutu. Mai unguwa ya aika wa Sallau. Ɗan aiken ya dawo da amsa: “Ya ce a nemi wani. Ya ce kansa ba abin dogaro ba ne yanzu, ba zai yi shaida a kan haƙƙin marayu da kan da yake ganin abin da babu ba.”

Ilu yana wurin aka faɗi wannan. Iya ta ce ya shigo gida ya tuɓe rigar nan ya jefar a kan gado, ya zauna kamar wanda aka yi wa rasuwa. Matarsa ta tambaye shi, ya gaya mata komai. Ba ta yi masa faɗa ba. Cewa ta yi, “To, zaman me kake yi a nan?”

Ya samu Sallau a zaure, kwance a kan tabarma. Ya yi sallama, ya durƙusa.

“Yaya Sallau, tsinken nan a gurbi na huɗu yake. Hannun rigata ya ture shi, ni kuma na kafa shi a na biyar ina sane.”

Sallau ya tashi zaune a hankali. “Sake faɗa.”

Ya sake faɗa.

Tsohon ya ɗaga hannu biyu ya ce alhamdu lillahi, hawaye suna bin fuskarsa. Sannan ya fara karanto wasan tun daga tsinken farko, nasa da na Ilu, taku bayan taku, har zuwa sallamar baƙon. Bai tsallake ko ɗaya ba. Ya ce, “Da ka bar shi, taku huɗu suka rage maka. In matsa arewa, dole ka toshe, in ka toshe ka buɗe mini layi na biyu.” Ilu ya rufe ido ya bi, ya gani, duk da halin da yake ciki sai da ya ce, “Kai! Haka ne.”

Sai kuma fushi ya zo. “Kwana tara, Ilu. Kwana tara ka bar ni ina zaton na haukace. Duk garin nan wa zai iya gaya mini daidai nake in ba kai ba? Sauran ba su san bambancin na huɗu da na biyar ba. Kai ka sani.”

Sallau ya miƙa hannu.

“Ba ni sandata. Kai ni gonar Mairo.”

A gaban mai unguwa da jama'a Sallau ya dafa ɗorawar, ya juya gabas, ya yi taku bakwai, ya buga sanda a ƙasa. Ya ce kakannin gidajen biyu sun binne fasasshen dutsen niƙa a nan ranar da suka raba gonar, yana yaro aka yi. Aka kawo fartanya aka haƙa. Ba a kai gwiwa ba aka taɓa dutse. Maƙwabcin ya mayar da kunyoyin, ɗorawa ta zauna wa marayu.

Daga can Ilu ya wuce gindin tsamiya ya faɗi abin da ya yi a gaban kowa, ba wanda ya tilasta shi. Tun daga ranar sunansa ya koma Hannun Riga, har ya rasu, har ya bar wa 'ya'yansa gado. Sallau ya yi damina guda bai yi masa magana ba sai gaisuwa. Da rani ya zagayo, wata rana bayan la'asar ya aika aka kira shi. Abin da ya ce kawai shi ne, “Naɗe hannun rigarka ka zauna.”

Ƙanwata ta tambaya, “Iya, daga baya ya ci shi?”

“Ina! Har Sallau ya koma ga Allah.” Ta karkaɗe ɓawon gyaɗa daga zaninta. “Nan baƙuwar ta yi sallama. Ku kwashe faifan.”

Mun ɗauki labarin a yadda yara ke ɗauka: kada ka yi maguɗi, in ka yi za a sa maka suna. Ni har haushin Ilu na ji, don ya jawo mana abin kunya a dangi. Sallau nake so in zama. Na yi shekaru ina zaton zan zama shi, don a makarantar ƙauye ni ne na ɗaya a lissafi. Jami'a ce ta fara sauke ni, aiki kuma ya ƙarasa. Na gane ni mai iyawa ne daidai gwargwado, mai haƙuri da naci, amma ba na cikin waɗanda ake bi da kallo. Iya ta rasu ina shekarar ƙarshe a jami'a, labarin kuma ya kwanta a wani lungu na kaina.

Shekara uku da suka wuce muka ɗauki wata yarinya aiki, Firdausi, ba ta daɗe da gama hidimar ƙasa ba. A lokacin muna gina wata manhaja ta tsara layin marasa lafiya a ƙananan asibitoci, ni nake jagorantar aikin. Wata huɗu na yi ina fama da tsarin, kuma duk da haka in mutane suka yi yawa sai ta dinga nauyi. Wata rana a taro, Firdausi ta ɗaga hannu a ɗarare, ta nemi izini ta je gaban allo. Ta yi zane kamar na minti biyar. Ta juyar da matsalar ne gaba ɗaya, ta kalle ta daga inda ban taɓa tunanin kallo ba, sai rabin abin da na gina ya zama ba a buƙatarsa.

Na waiwaya na ga fuskokin abokan aiki. Babu wanda ya gane. Ni na gane, tun kafin ta ajiye alƙalamin. Shugaban kamfaninmu ɗan kasuwa ne, ba ya rubuta manhaja, sai ya juyo gare ni.

“Malam Sabi'u, me ka gani?”

Na ce, “Tunani ne mai kyau. Amma a aikace ba lallai ya yi ba. Akwai abubuwan da sai mutum ya daɗe yake gani.”

Ta ce, “To, Malam. Na gode.” Ta goge allon da kanta ta koma ta zauna.

Ban yi ƙarya ƙarara ba, haka na yi ta gaya wa kaina. Ban taɓa aikinta ba, ban zage ta ba. Amma sai na lura ta canja. Ta daina ɗaga hannu. In an tambaye ta, sai ta fara da, “Wataƙila ban fahimta ba, amma...” Kullum tana kawo mini ƙananan abubuwan da ta fi ni sani in duba mata. Bayan mako uku na ji tana gaya wa wata abokiyar aiki a bakin ƙofa cewa tana neman wani aikin ofis, don ta ga alamar kanta bai dace da wannan ba. Ta ce, “Na kwana biyu ina bin lissafin nan ban ga inda na kuskure ba. In har ba na iya ganin kuskurena, to matsalar babba ce.”

Ina cikin mota a hanyar gida maganar Sallau ta faɗo mini, da muryar Iya. A nan na gane abin da ban gane ba ina yaro. Ni a zatona laifin Ilu satar nasara ce. Ashe nasarar ita ce ƙaramar sata. Mai basira, duk yadda kansa ya kai, ba ya iya zama shaidar kansa. In ya hango abin da sauran ba su hango ba, daga ciki ba shi da hanyar rarrabe hangen nesa da ruɗu, sai wani ya tsaya kusa da shi ya ce, na gani, haka ne. Kuma ba kowa ke iya wannan ba, sai wanda ya kusa kai shi bai kai ba. Wato mutumin da abin ya fi yi wa ciwo, shi ne kuma kaɗai yake riƙe da amanar.

Washegari na same ta a teburinta kafin sauran su iso.

“Firdausi, zanen nan da kika yi a allo, kina da shi?”

Ta ɗan ja baya. “Ai na bar shi, Malam.”

“Daidai yake. Duk daidai yake, kuma ya fi nawa nesa ba kusa ba. Tun a ranar na gane. Na faɗi abin da na faɗa ne don na ji zafin wata huɗuna.”

Na zaci za ta yi murna, ko ta ce ba komai. Cewa ta yi, “Malam, na gaya wa mahaifina na zaɓi abin da ya fi ƙarfina. Har ya fara yi mini magana da wani a kan aikin ofis.” Ta buɗe jakarta ta ciro wani littafi, shafi bayan shafi duk lissafin ne, ta sake shi ya fi sau goma tana neman kuskuren da babu. Ban taɓa jin kunya irin ta wannan safiyar ba.

A taron da ya biyo baya na maimaita maganar a gaban kowa. Cikin wata biyu aikin ya koma hannunta. Yau ita ce shugabar sashenmu, ni ina ƙarƙashinta. Ba zan ce abin ya daina yi mini ciwo ba. Akwai ranakun da nake komawa gida ina tambayar kaina me ya sa Allah ya ba ni idon ganin abu, bai ba ni kan ƙirƙirarsa ba. Amma na daina ɗaukar sha'awar masu basira a matsayin kallo kawai, irin na mai zaune a gefe yana tafi. Aiki ne, kuma yana da nauyi. Nakan yi tunanin duk wani gwani da duniya ta sani, akwai wani da ba a san sunansa ba wanda ya fara ganin abin, ya haɗiye zafin da ya ji, ya ce masa ci gaba.

Makon jiya Firdausi ta leƙo ofishina riƙe da kwamfutarta. Ta ce ta samo wata hanya da ta saɓa wa yadda kowa yake yi, ta nuna wa mutum uku duk sun ce ba su gane ba.

“Ko dai na yi wani abu mai kyau, ko na yi shirme, ban san wanne ba. Don Allah ka duba. Kuma in shirme ne ka faɗa mini kai tsaye.”

Na ce, “In kuma mai kyau ne fa?”

Ta ajiye kwamfutar a gabana. “Shi ma ka faɗa mini a yau, Malam. Kada ka kai mako uku.”